Ranar da Malam Bawa Ya Ci Naman Tsafi

Har gobe ban manta da ranar da Malam Bawa ya zauna a gabanmu ya ci naman tsafi ba. Ku da kuka shigo aikin asibitin nan a zamanin farar riga da takalmi mai ƙyalli, sai ku ga kamar ba wani abu ba ne. To, ku gyara zama. A lokacinmu abin nan ya isa ya raba mutum da mutuncinsa a wuni ɗaya.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Ina aikin diresa a wani ƙaramin asibitin mishan a wajen garin Kontagora, ta hanyar Rijau. Diresa shi ne mai wanke miki ya ɗaure, ba ya ba da magani, ba ya taɓa allura. A samana akwai dispensa, wato mai duba marasa lafiya da ba su magani, shi ne Malam Bawa. A samansa kuma akwai wata Baturiya da muke kira Sista, wadda take yawan fita rangadin ƙauyuka. Asibiti ba ya dafa wa kowa abinci. Kowane majinyaci da ɗan'uwansa yake zuwa, su kama bukka a bayan asibiti, su kafa murhunsu.

Malam Bawa gajere ne, ba shi da yawan magana, Bakambare kamar ni. Ran Lahadi shi ne mai wa'azi a 'yar majami'armu. Kowa ya san ubansa ne mai tsaron kurmin tsafi a garinsu, abin da ake kira magiro, kuma shi aka so ya gaje shi kafin ya bi Almasihu. Ba ya son a ta da wannan zance, mu ma ba ma tayarwa.

Ikilisiyarmu tana da ƙa'idoji masu tsanani. Ba giya, ba taba, ba rawar ganga, ba noma ran Lahadi, sannan babbar cikinsu, ba a taɓa naman da aka yanka wa tsafi. Wanda ya karya, sai dattawa su sa shi a horo: ya koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a majami'a, har sai sun ga ya tuba. Kada ku yi wa dattawan nan dariya. Mutanen da suka fito daga bautar tsafi jiya jiya ne, sun san yadda ake zamewa a koma.

Da kaka ta gabato, aka kawo mana wani manomi a kan jaki daga wani ƙauye bayan Ibeto. Sunansa Ishaya, shekarar da ta wuce aka yi masa baftisma, wato wankan shiga bin Almasihu, shi kaɗai ne mai bi a gidansu. Fartanya ce ta sare shi a ƙwauri, abin ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu, yana wari tun daga ƙofa. Matarsa tana jego, saboda haka ubansa ne ya zo jinya, wani tsoho mai suna Baba Dogo, wanda bai bar addinin kakanninsa ba. Tsohon nan yana son ɗansa, wannan na gani da idona. Shi yake ɗebo ruwa, shi yake tuƙa tuwo da hannunsa kamar mace, ko kunya ba ya ji.

Ni aka ba ƙafar. Kullum da safe in wanke da ruwan magani, in cire mataccen nama da almakashi, in ɗaure da bandejin da muka dafa. Ishaya mutum ne mai raha, ina yanka yana tsokanata wai hannuna na mahauci ne. Sannu a hankali sabon nama ja ya fara tsirowa daga gefe. Duk diresan da ya ga wannan jan ya san aikinsa ya ci, na kuma yi murna ƙwarai.

Murnar nan ce ta kwance bakin Baba Dogo. Ya ce wa ɗansa, ai kafin su baro gida ya yanka baƙar akuya a kurmi, ya busar da naman, kuma shi yake ta jefa masa a miya tun zuwansu. Bai faɗa don mugunta ba. So yake ɗansa ya san wanda zai gode wa.

Daga ranar Ishaya ya rufe bakinsa. Ba tuwo, ba kunu, ruwa ma sai an yi da gaske. Ku da kuka yi karatu kun sani, miki ba ya warkewa a jikin da ba ya cin abinci. Jan naman nan ya koma fari fat, ruwa ya fara tsatsowa, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, na yi masa tas. Na ce wahalar da na sha a kan ƙafarsa ba zai zubar mini da ita a banza ba.

Ya dube ni da idanun da suka faɗa, ya ce, "Malam Tanko, bar wahalar da kanka. Na riga na ci, ya shiga jikina, ya zama namana. An wanke ni sau ɗaya, na koma na ɓata. Wane ruwa ne kuma zai fitar da shi?"

Wani dattijon ikilisiya mai suna Yohanna ya zo duba shi, mutumin kirki ne amma tsayayye. Ya ce masa ya yi haƙuri, in ya warke zai zauna a bencin baya na ɗan lokaci, shi ke nan. Shi a ganinsa lallashi ya yi. A kunnen Ishaya kuwa hukunci ne ya tabbata, ya juya fuskarsa bango. Sista tana can wajen Zugurma, ba ranar dawowa. Malam Bawa ya zauna da shi ya yi magana, ya yi addu'a, ya sake yin magana, kamar da dutse yake yi. Na tabbata a raina mutumin nan zai mutu a hannunmu, ba kuma ƙafar ce za ta kashe shi ba.

Wata safiya, bayan na gama ɗaurin miki, Malam Bawa ya sa aka fito da Ishaya a kan tabarma zuwa gindin ɗorawar da majinyata ke jiran layi. Wurin cike yake da mutane. Ya durƙusa ya gai da Baba Dogo da Kambarci, ya ce, "Baba, akwai sauran naman nan?"

Tsohon ya sa hannu a burgaminsa ya ciro wani ƙulli na ganye, an ɗaure da kaba, an shafa masa jar ƙasa. Duk Bakambaren da ke wurin ya gane ƙullin. Mutane suka fara ja da baya.

Malam ya ce, "Tanko, kawo mini kwano da gishiri."

Na matso kusa na ce a hankali, "Malam, ka san abin da kake yi kuwa?"

Ya ce, "Na sani. Kawo."

Ya zauna daf da Ishaya, ya kwance ƙullin a kwano, ya sunkuyar da kai. Addu'ar ba ta da tsawo, na riƙe ta har yau. Ya ce, "Uba, kai ka halicci akuyar nan, kai ka ba ta ciyawa da ruwa. Mun gode." Ya ɗauki tsoka ya dangwala a gishiri. Ni da nake tsaye a kansa na ga gumi yana bin wuyansa, ga shi safiya ce mai sanyi. Wannan mutum a gindin kurmin nan ya girma, ya san duk abin da ake cewa yana samun wanda ya taɓa naman ba da izini ba. Ya kai baki, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya ƙara ɗauka. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido da zane. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, na rasa ko in gudu ko in durƙusa.

Da ya cinye, ya sha ruwa, ya zauna ya bar kowa ya kalle shi ya ƙoshi. Sannan ya juya.

"Ishaya, dube ni. Wa ya fanshe ka?"

Da ƙyar muryar ta fito. "Yesu."

"Da me?"

"Da jininsa."

"To, abin da aka ƙulla da jini irin wannan, tsokar akuya ce za ta kwance shi? Ba don bakinka yana da tsabta aka karɓe ka ba, ni ma ba don haka aka karɓe ni ba. Ga shi na ci abin da ka ci, ni da sanina ma. In an kore ka, tare aka kore mu. Amma ba a kore mu ba."

Ishaya ya daɗe yana kallonsa, kamar yana jiran ya ga ya faɗi. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi kuka irin na babban mutum, marar sauti. Malam ya ce a kawo kunu. Baba Dogo da kansa ya ruga ya dama, ya riƙe masa ƙwaryar, ya sha. Ban taɓa jin daɗin ƙarar haɗiya irin na ranar ba.

Ba a yi nisa ba jan nama ya dawo. Labari kuma ya riga ya kai ko'ina. Dattawa suka zauna, suka sauke Malam Bawa daga wa'azi, suka mai da shi bencin baya. Da Sista ta dawo ta duba ƙafar, ta ce ta fannin aiki ba ta da ƙorafi, sauran kuma na dattawa ne. Na zaci Malam zai yi gardama, don ya fi su sanin karatu. Sai kawai ya koma bencin ya zauna. Da na matsa masa, sai ya ce, "Shinge suka yi don raunana, Tanko. Na tsallaka don in ɗauko wanda ya faɗi a waje. Ba zan ce a rushe shingen ba." A tsakanin ma'aikata kuwa 'yan maganganu suka tashi. Wani lebura abokina ya ce tunda nama ya halatta, to saura burkutu, aka yi ta dariya.

Ranar sallamar Ishaya, Baba Dogo, wanda ya je gida ya dawo, ya iso da 'yan'uwansa maza da cinyar akuya sabuwar yanka, da jar ƙasa a jikinta. Yankan godiya suka yi a kurmi. A gaban kowa ya ajiye ta a ƙafar Malam Bawa, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "Mun san ubanka. Ka ci rannan, ɗana ya tashi. Ashe ba ka manta gida ba. Ga rabonka."

Na dubi Ishaya. Yana tsaye da sandarsa, idonsa a kan hannun Malam. Ƙauyen nan zai koma, shi kaɗai a cikinsu, kuma duk abin da Malam ya yi a yanzu shi za a riƙa faɗa masa a kowane yanka har ya tsufa.

Malam Bawa ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Baba, na gode. Ba zan ci ba."

Fara'ar tsohon ta ɗauke. "Ai nama ɗaya ne."

"Nama ɗaya ne, Baba. Rannan na ci don ɗanka ya rayu. Yau in na ci, na ce maka magiro ne ya warkar da shi ke nan, ni kuma ba zan yi maka ƙarya ba, kana matsayin ubana. Amma yunwa nake ji. In akwai sauran furar da kuka yi guzuri, a ba ni."

 Tsohon ya yi wa ƙaninsa alama, aka dama fura, Malam ya sha a ƙwarya ɗaya da su. Sannan Baba Dogo ya ɗauki cinyar ya miƙa wa ɗansa. 

Ishaya ya ce, "Baba, yanzu ba na tsoronsa. Amma ba zan ci ba. Kawo burgamin in riƙe maka, hanya da nisa."

Tsohon ya ba ƙaninsa naman, ya ba ɗansa burgamin, suka kama hanyar Ibeto, ɗan yana ɗingishi, uban yana rage sauri.

Da muka koma ɗakin magani na ce, "Malam, rannan ka ci, yau ka ƙi. To wacce ce ƙa'idar?"

Yana wanke sirinji, bai ɗago ba. Ya ce, "Allurar da na yi wa wancan jiya, sai in yi wa kowa yau? Mutum ake fara dubawa. An 'yanta mu har muna iya ci, an kuma 'yanta mu har muna iya bari. Wanda ba ya iya bari, har yanzu bawa ne, ko da burkutu ne ubangijinsa. Ka faɗa wa abokinka."

Abin da na koya ke nan a aikin nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Za ku haɗu da majinyacin da tsoro ke kashe shi fiye da ciwonsa, wannan ba ƙa'ida yake bukata ba, yana bukatar wanda zai zauna a tabarmarsa ya ɗauki rabin abin da ke kansa. Za ku kuma haɗu da ranar da kuke da ikon yin abu, amma wani yana kallon hannunku. Na yi aiki da likitoci da yawa bayan haka, ban sake ganin mai 'yanci irin gajeren mutumin nan ba.

Horon Malam bai ƙare ba sai bayan girbi. Wata Lahadi kafin nan, muna cikin waƙa, sai ga Ishaya a ƙofar majami'a da ƙurar hanya har gwiwa, tun daga bayan Ibeto a ƙafa. Dattijo Yohanna ya tashi ya nuna masa wuri a gaba, don dattawa sun riga sun yarda cewa shi bai ci da saninsa ba. Ishaya ya gaishe shi da ladabi, ya juya, ya tafi bencin baya ya zauna kusa da Malam Bawa.