Rigar Tiyon Yaya Sallau

Duk wanda ya san Yaya Sallau a Funtua ya san aljihunsa ba ya rabuwa da auduga. Ciwon kunne auduga, yoyon bokiti auduga. Ni ƙanwarsa Hanne, har ranar da aka kai ni ɗaki sai da ya cusa mini dunƙule a hannu, wai ko za a buƙata.

Wata rana tayar babur ɗinsa ta fashe a hanyar Maska. Mai faci na nan kusa, amma ina! Ya cire tayar ya danƙara mata auduga, ya iso gida yana tangal-tangal.

Na ce, "Yaya, wannan wace irin rowa ce?"

Ya ce, "Iska guduwa take yi. Kin taɓa ganin auduga ta gudu?"

Sai kuma minshari, wayyo Allah! Maƙwabcinsa Baba Tunde mai kayan gini ya taɓa tare shi ya ce, "Alaji, injin naka ba ya hutawa, wane mai kake sa masa?" Muna ta dariya, amma matarsa Hajiya Kande ba ta yi. Ita ta san numfashin ɗaukewa yake yi cak, sai ta zungure shi ya dawo. Haka ta shekara da shekaru tana barci rabi da rabi.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, bayan likita a Zariya ya ce abin na iya kashe shi, ɗansa Bala ya taho masa da na'ura daga Ingila: akwati mai hura iska, doguwar tiyo, da abin rufe hanci.

Yaya ya ce, "Takunkumi? Ni jaki ne?"

Da ƙyar ya yarda. Ana shiga sanyi kuwa sai tiyo ta fara tara ruwa, tana ƙuru-ƙuru, tana ɗiga masa a hanci. Ya yi jifa da ita.

"Na gyara rufin ɗakina saboda yoyo, an sayo mini wani yoyon da kuɗin jirgi!"

Bala ya roƙa, na roƙa, ya kafe. Kande ta koma gadi. Ran nan da safe ya tarar da ita tana gyangyaɗi a gindin murhu, bakin zanenta ya fara cin wuta. Da hantsi sai ga shi gaban keken ɗinkina, da tsohuwar rigarsa da buhun auduga.

"Hanne, me ke sa murfin tukunya zufa?"

"Tururi mai zafi ne ya tarar da sanyi."

"To numfashina da ɗumi, tiyo kuma tsirara take kwana. Ɗinka mata riga!"

Na ɗinka mata doguwa, muka cusa auduga. Ya sauke akwatin ƙasa da gado don ɗan abin da ya taru ya gangara can, ya riƙa tura tiyon cikin bargo. Ruwa ya ɗauke ɗif! Daga nan ba mu sake hutawa da gori ba: "Turawa sun yi inji, Sallau ya ƙarasa shi."

Bayan rasuwarsa na ga rigar tiyon a ƙarƙashin matashin Kande. Na ce ta yar da tsumman nan mana. Ta ce, "Bari, Hanne. Shekara talatin ina gadin numfashinsa, da wannan ya biya ni barcina."

Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa kwanciyarsa ta fi auduga taushi.