Tsohon Maburgin Gwaggo

"Shi ya sa na ce maka dillali ne," in ji Gwaggo, tana ɗaga wata 'yar kwalba wajen hasken taga. "Ya haɗa wannan sinadari da wancan, a ƙulla, shi kuma ya fita yadda ya shiga ya nemi wasu biyun. Bambancinsa da dillalin gidaje, shi ba ya karɓar la'ada."

"Ƙarfen ne dillalin?" na tambaya.

"Ƙwayar ƙarfe ɗaya tak, babana. Tana zaune a tsakiya, wasu sinadarai sun rirriƙe ta ta kowane gefe. Ka canja masu riƙon, launinta ya canja, halinta ma ya canja. Shekara talatin da takwas aikina ke nan, canja wa ƙarfe abokan zama."

Gwaggo yayar mahaifina ce, tana ce mini babana saboda sunan mahaifinsu na ci. Ƙarshen wata za ta yi ritaya daga jami'a, shi ne na zo da mota in kwashe mata littattafai. Na tarar ko kwali ɗaya ba ta ɗaure ba. Tana tsaye a ɗakin gwaje-gwajenta cikin farar rigar aiki da acid ya huhhuda wa aljihu, gaban wani kabad cike da ƙananan kwalabe, shuɗi, kore, ruwan hoda, wasu ja wur. Kowace da ɗan rubutu da sunan ɗalibin da ya haɗa ta.

A can ƙarshen dogon tebur wata mata na zaune ta zuba wa wata kwalba mai zagayayyen gindi ido. Ita ce ɗalibar Gwaggo ta ƙarshe, shi ya sa kowa ke ce mata Auta, ko da yake 'ya'yanta biyu. A cikin kwalbar wani ɗan farin abu kamar ƙwayar magani yana ta juyi yana motsa ruwan. Mayen ƙarfe ne aka lulluɓe da farar roba, injin da ke ƙasa ke juya shi. Su maburgi suke ce masa.

Gwaggo ta rage murya. Ta ce masu haɗa magunguna da wani ƙarfe suke dillancin nan, faladiyam, wanda tsadarsa sai dai a gwada da zinariya. Auta ta shekara uku tana neman yadda baƙin ƙarfe, irin na ƙusa, zai yi aikin. Ta kuwa samu, casa'in cikin ɗari na kayan da ta zuba suna haɗuwa. Har ta gama rubutu za a aika wa mujalla. Jiya Gwaggo ta ga ta ɗauki maburgi daga aljihun teburin da kowa ke jefa nasa. Ta ce a dakata, a sake gwajin da sabon maburgi daga leda da sabuwar kwalba.

"In bai yi ba fa?"

"Shekara ukunta ta tafi. Ni kuma ba na nan balle mu sake lale." Ta dubi agogon bango. "Saura awa ɗaya."

"Malama, ina jinku fa," Auta ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Wancan maburgin na jiya sau uku nake wanke shi kullum."

"Ni sau biyar nake wanke nawa, 'yar nan."

Ta jawo mini kujera, ta buɗe jakarta ta fito da wani gwangwanin alewa. A ciki, kan auduga, akwai wani maburgi da ya dafe, duk jikinsa ya ƙarje.

Ta ce lokacin da ta shigo ɗakin nan tana 'yar shekara ashirin da huɗu, ita kaɗai ce mace, rigar aikin da aka ba ta sai da ta naɗe hannun sau uku. Malaminta wani dogon mutum ne mai shan shayi a kofin awo. Ba a taɓa kai masa sakamako ya ce madalla ba, sai dai ya duba ya ce, "Sai an sake." Har sunan ya bi shi. Ranar da ta fara samun lu'ulu'un wani haɗi na ƙarfen kobalt, masu launin ruwan hoda, ta ruga ofishinsa da kwalbar a hannu. Ya duba ya daɗe, ya ce sai an sake, amma da yamma ya ciro maburginsa daga aljihu ya ba ta. Shekara ashirin yana aikin faladiyam da shi.

"Ka san abin da wannan ke nufi a wurinmu? Kamar tela ya ba ka almakashinsa. A aljihu nake yawo da shi, ba na ba kowa aro."

Bayan shekara biyar ta haɗa wani sinadari na baƙin ƙarfe, ta gwada shi, ya yi aikin faladiyam tsaf. An buga aikin a mujalla, an yi ta gayyatarta taro, har aka ɗauki hotonta riƙe da kwalba. Kakana, wanda fentin mota yake yi, ya liƙa hoton a garejinsa yana nuna wa masu kawo gyara. Cewa yake ita ma haɗa launi take yi, gado ne.

Daga nan wasiƙu suka fara zuwa. Wani ɗakin gwaji ya ce sun bi bayaninta layi-layi, babu abin da ya haɗu. Wani ma haka. Ita kuwa duk lokacin da ta gwada sai ya yi.

"Na ce hassada ce," ta yi dariya. "Ƙuruciya."

Wata safiya tana wanki maburgin ya suɓuce ya faɗa ramin wurin wanke kwalabe. Ta ɗauki sabo ta ci gaba da aiki. Gwajin ya ƙi. Ta canja ruwa, ta canja zafi, ta zargi mai share ɗakin, ta zargi kamfanin da ke kawo kaya. Mako uku tana wannan fama. Sai bututun ya toshe, mai gyaran famfo ya kwance shi, ya miƙo mata abinta yana tambaya ko ƙwayar maganin wani ce. Ta wanke shi ta jefa a kwalba, don kewarsa kawai da take yi. Kafin la'asar gwajin ya yi.

"Na zauna a kujerar nan da kake kai. Ban yi murna ba ko ta minti ɗaya." Ta shafa wuraren da suka ƙarje da farce. "Faladiyam ɗin malamina ne ya maƙale a nan, ɗan mitsitsi, wanda sabulu ba ya fitarwa. Shi ke yin aikin duka. Ƙarfena yana zaune ne kawai a gefe ana yi masa tafi."

Ta kai wa Sai-an-sake labari. Ya ajiye kofinsa, ya ce ta rubuta wa mujallar ta janye aikin da hannunta, shi zai sa hannu a ƙasan nata tunda maburginsa ne. Haka aka yi. Gayyata ta ɗauke kusan shekara goma. Kakana dai bai cire hoton ba, ya ce shi 'yarsa ya liƙa, ba kwalba ba.

"Ba ki yi tunanin yin shiru ba, Gwaggo?"

"Kwana biyu na yi ina tunanin. Ba na son tuna kwana biyun nan."

Sauran shekarun ta yi su ne tana lallaɓa baƙin ƙarfe ya yi aikin da gaskiya. Ta nuna mini kwalaben kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ba da goma cikin ɗari, mai ita yanzu shugaban sashe ne a wata jami'a. Waccan ashirin, mai ita ta rasu wajen haihuwa, Allah ya jiƙanta, ita ce ke waƙa in tana tace ruwa. Mafi kyau a cikinsu ta tsaya a talatin da biyar.

Agogon Auta ya yi ƙara. Ta zuƙi ɗan ruwan da sirinji ta shiga ƙaramin ɗakin da na'urar awo take. Gwaggo ta rufe gwangwanin, ta sake buɗewa, ta sake rufewa. Fankar da ke zuƙe hayaƙi tana ta ƙugi.

Auta ta fito da takarda a hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Sittin da ɗaya, Malama. Casa'in ɗina ya tafi."

Gwaggo ta sa tabarau ta bi layukan da yatsa, a hankali, har ƙasa.

"Casa'in ɗin dama ba naki ba ne. Wannan sittin da ɗayan kuwa babu mai hannu a ciki sai ke da ƙarfenki." Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Ni shekara talatin ban wuce talatin da biyar ba, kin zo kina yi mini kuka a kan sittin."

Auta ta yi dariya tana share hanci. "To in gyara rubutun mu aika?"

"Sai an sake."

"Malama, ai na san za ki faɗa."

Gwaggo ta ɗauki gwangwanin alewar ta danƙa mata a tafin hannu. "Riƙe wannan. A aljihun teburinki za ki ajiye shi, ki nuna wa ɗalibanki. Ranar da na ji ya shiga kwalba, da sanda zan dawo."

Ta juyo gare ni. "Babana, littattafan nan sai gobe. Ka gaishe mini da ƙanina, ka ce har yanzu ina jiran kujerar da ya ce zai gyara mini."

Ta zaro makullin sito daga aljihun da bai huje ba, ta nufi ƙofa tana tambayar Auta ko sababbin maburgai nawa suka rage a leda.