Alhaji Muntaka da Kofunan Nayef

Haihuwa

Tarihi ya tabbatar cewa ƙasar Hijaz ba ta taɓa ganin wanda ya kai Alhaji Muntaka Zaharadden gudu ba, a ƙasa ko a sama. An haife shi a Jidda a shekarar 1938, ko 1941, gwargwadon wanda aka tambaya. Mahaifinsa attajirin fatu ne da ya zo hajji daga Damagaram bai koma ba, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Mastura.

Tsere da tashi sama

A 1962 ya gaji dukiya mai yawa, amma bai gaji iƙama ba, wato takardar zama. Saboda haka ya rubuta shagunansa na unguwar Bagdadiyya da motocinsa da sunan amininsa Nayef, ɗan ƙasa, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da wannan sunan ya ci kofuna tara a tseren motoci cikin rairayi. A 1971 wani Bature mai feshin fara ya koya masa tuƙin jirgi. Ya yi ta shawagi bisa teku, sai dai bai taɓa ƙetare iyaka ba, don ba shi da fasfo.

Iyali

Ya auri Salamatou a 1975, suka haifi 'ya'ya uku. Babbarsu, Zubaidatu, ta sha tambayarsa: "Baba, mu a ofis 'ya'yan wa ne?"

"Takarda ta masu tafiyar hawainiya ce," in ji shi. "Halas, shi ke nan, gobe."

Ƙarshen rayuwa

A 2004 Nayef ya rasu, aka yi ta alhinin gwarzon tsere. Alhaji Muntaka ya je gaisuwa, ya zauna yana jin ana lissafa bajintarsa ana cewa Allah ya jiƙansa, ya rasa ko ya ce amin. Magadan Nayef suka kwashe komai bisa doka, Alhaji Muntaka ya koma haya a unguwar Waziriyya.

Rasuwa

Ya rasu ranar 6 ga Maris, 2019. An yi jana'izarsa bayan kwana uku, domin sai da aka fara neman shaidar an haife shi.

Ya bar 'ya'yansa uku: Rilwanu, wanda aka kora daga ƙasar a 2013, na farko a gidan da ya ƙetare iyaka a jirgi, da Ilham, da Zubaidatu, mai aikatau a gidan Nawaf ɗan Nayef. Duk Alhamis Nawaf kan nuna wa baƙi kofunan mahaifinsa. Tun Laraba Zubaidatu take goge su.