Madam Rabi da takardar da na ɓoye cikin tulun wake

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba da hantsi direban motar siminti ya tsaya ƙofar gidanmu a Malbaza, ya miƙa mini wasiƙa daga Yamai. Rubutun ɗiyata ne. Na zauna bakin rumbu na bi layi da yatsa, har na kai inda ta ce Allah ya yi wa Madam Rabi rasuwa bayan doguwar jinya. Na yi kuka. Amma da kaina na karanta, ban kai wa kowa ya karanta mini ba, kuma wannan ma aikin marigayiya ne.

Madam Rabi 'yar Tsarnawa ce. Ita ta koyar da ɗiyata ta fari a lakwal ta Ƙonni, kafin Madam ta tafi ƙarin karatu ƙasar waje, ta dawo tana koyarwa a babbar makaranta a Yamai. Ta taɓa ba ni labarin ranar da ta fara aiki can. Mai gadi ya tare ta, ya ce iyayen ɗalibai waje suke jira. Ba ta yi musu ba. Ta zauna kan benci har aka kaɗa ƙararrawa, sannan ta shiga aji ta ɗauki alli. Takan ce, "Muddin ni kaɗai ce mace a ɗakin malamai, ban gama aikina ba."

Shekarar da ɗiyata ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta tafi Illela wurin gwaggonta taya aikin damina. Tana can sai gardin gwamnati ya kawo takarda mai hatimi daga buro, ofishin hukuma. Takarda irin wannan ta ƙarshe da ta shigo gidanmu, ita ce ta mutuwar maigidana a hanyar Kwatano. Ga shi yarinyar 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa. Yaya zan ɗauki takarda in bi mutane ina tambayar lafiyarta, a ce ba ni da kunya? Sai na naɗe takardar cikin tsumma, na tura cikin tulun irin wake, na rufe. Kwana goma sha biyu ina kewaya tulun nan kamar akwai maciji ciki.

Ranar sha uku da azahar sai ga Madam, ta sauko daga motar siminti, zanenta ya yi fari fat. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Yaya A'i, ina takardar?"

"Wace takarda, Madam?"

"Kar ki yi mini haka. Na ga sunan ɗiyarki a jerin waɗanda aka ɗauka jami'a. Jibi ake rufe rajista, in ba ta zo da takardar ba a ba wani wurinta."

Na tashi na tono ta, toka da wake na zuba. Madam ta dube ni, ta dubi tulun, sai dariya ta kama ta har ta dafa bango.

"Iri kika mai da ta? To ai ta kusa tsira!"

Na ce, "Na ɗauka mutuwa ce."

Dariyar ta tsaya. Ta kama hannuna ta ce, "Takarda ba ta cizo, Yaya, sai in an bar ta ta kwana." Ranar nan ta wuce Illela da kanta ta ɗauko yarinyar, washegari suka kama hanyar Yamai. Sun isa ana gab da rufewa.

Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba. Amma da hutu ya zo sai ta dawo, ta tattara buhunan siminti da aka juye, ta yanka su, ta ba ni gawayi. Ina da furfura a lokacin. Na ce kan tsohuwa ba ya ɗaukar boko. Ta ce, "Kan da ya riƙe sunayen dangin Malbaza kaf, baƙaƙe kaɗan za su gagare shi?" Kalmar farko da ta sa na rubuta sunan ɗiyata ne. Na janye hannu. Ta ce, "Baki ne ke kunya. Gawayi bai san 'yar fari ba."

Da na ji jikinta ya tsananta, na rubuta mata godiya da hannuna, layi biyar, kwana uku ina yi. Tun ranar nake zullumi ko ta iske ta da rai. Wasiƙar Laraba ta cire mini wannan ƙaya. Ta isa, Madam ta karanta da kanta, ta sa ƙarƙashin matashi. Kuma kafin ta cika an sanar da ita cewa an ɗauki ɗiyata koyarwa a makarantar nan, kujerarta kusa da ta Madam. Ta ce alhamdu lillahi, yanzu ta gama.

Allah ya jiƙan Madam Rabi, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba mahaifiyarta da 'ya'yanta da dukan dangi na Tsarnawa haƙuri. Allah ya riƙa wa wadda ta gaji allinta, ɗiyata Habsatu. Ban faɗa ba, rubutawa na yi.