Rumbun Nomau da Gobara Ta Bari Tsaye

A Maijirgi na tashi, a ɗakin kakata Iya Dije. Bayan sallar isha takan hura 'yan karare a murhu, ta ɗora rama a cinya tana ɓare bawo don tufkar igiya, mu jikoki muna kewaye da ita. Ba mai yawan dariya ba ce, tatsuniyoyinta ma ba su cika ƙarewa da daɗi ba.

"Ga wata nan tafe," in ji ta wani dare.

"Ta iso mu ji," muka amsa.

Wai an yi wani magini, Nomau, wanda ba ya kwaɓa laka sai da zaren rama da ruwan ƙaro. Rumbunsa ba ya tsagewa. Wata shekara bayan girbi gobara ta tashi, ta cinye rumbunan kara na unguwar kaf. Na Nomau ya yi baƙi ƙirin, amma yana tsaye. Aka yi ta yi masa barka, maƙwabta suka kawo ɗan geron da suka tsirar ya adana musu.

"To ai ya tsira ke nan, Iya," na ce.

"Saurara, ɗiyata. Wuta ba ta ka da shi ba, amma zafinta ya ratsa bango ya toye zaren. Laka ce kaɗai ta rage."

Da ruwan farko ya sauka, rumbun ya rufta. Matar Nomau, Hajo, tana ciki tana miƙo gero. Nan Iya ta tsaya, ta ce mu je mu kwanta.

Yanzu ina aiki a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Maraɗi, muna haɗa zaren rama da roba mu gasa, mu ga iyakar zafin da zai jure. Sau da yawa yakan fito sumul, amma kana lanƙwasa shi ya karye kamar ƙuli-ƙuli. Ranar da na fara ganin haka na kira babana na tuna masa tatsuniyar. Ya ce ai ba tatsuniya ba ce: Hajo yayar Iya ce, ita ta goye ta, kuma a rumbun nan ta rasu. Nomau kuwa ya ci gaba da noma da zuwa kasuwa, kowa na yaba haƙurinsa, amma har ya rasu bai ƙara kwana cikin ɗaki ba in hadari ya taso.

Tun daga nan, in na ga wanda masifa ta ratsa yana harkokinsa, ba na saurin cewa ya warke. Nakan koma gaishe shi bayan masu ta'aziyya sun watse.