Kaguwar da Ta Maƙale a Tsagar Dutse

Har yau Mai Agogo ake ce masa, ko da yake ya fi shekara ashirin rabonsa da buɗe cikin agogo. Da can ɗan teburi ne da shi mai gilashi, a gaban wani shagon takalma. Wata rana wani mai hawan dutse ya dire masa wani ƙarfe a kan teburin, ya ce wayar da ke jikin ƙarfen ta tsinke, ko zai iya? Ƙarfen bai wuce tafin hannu ba, da kunnuwa huɗu masu haƙora, da kunama irin ta bindiga. In ka ja kunamar kunnuwan su tsuke, ka zura shi a tsagar dutse, ka saki, su buɗe su cije. Mai hawa ya ratsa igiyarsa ta jikin ƙarfen, in ya zame shi ne zai tare shi. Mai Agogo ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ai kaguwa ce." Ya gyara, ya bi mutumin ya ga yadda take aiki, daga nan dutse ya raba shi da teburi.

Abin da ya yi suna a kai shi ne ciro kaguwar da ta maƙale. Masu hawan nan, Allah ya shirye su, akwai gaggawa. Tsoro ya kama mutum, ya ja kunama har ƙarshe, ya cusa ƙarfe a tsagar da ta yi masa kaɗan, kunnuwan su rasa inda za su ƙara tsukewa. Na bayansa ya zo ya yi ta fizga, ita kuwa tana ƙara shigewa. Sai a sauko ana zagin dutse, a nemi Mai Agogo. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: wayoyi biyu da ya lanƙwasa bakinsu, da wani siririn ƙarfe mai faɗin baki.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, a gindin dutsen ta girma, yanzu ita ke jagorantar baƙi. Ta fi shi iya hawa nesa ba kusa ba, shi kuma shekaru sun fara sandarar masa da yatsu. Ranar da nake ba ku labari, su biyu suka tafi duba wata doguwar hanya kafin ta kai baƙi. Ita ke gaba tana dasa kaguwoyi, shi yana baya yana cirewa. Sun ci kashi biyu cikin uku, Auta ta kai wani ɗan dandamali tana riƙe masa igiya, sai ya iso wajen babbar kaguwar, ja. Ya leƙa, ya ga ta shige har tsawon kamu, kunnuwan a tsuke tam.

"Baba, lafiya?"

"Ke, wa ya koya miki wannan ɗanyen aiki?"

"Ƙafata ce ta yi rawa, na cusa kawai. Baba, duba bayanka."

Ya waiwaya. Hadari ne baƙi ƙirin, ya riga ya cinye rabin sama. Sauka ba ta yiwuwa, don ƙarƙashinsu dutsen ya yi rumfa, igiyar ba za ta kai ko'ina ba. Sama kuwa, ragowar hanyar tsaga ce mai faɗi, kuma cikin duk kayansu jar kaguwar nan kaɗai ke cije ta. In bai ciro ta ba, Auta za ta hau jiƙaƙƙen dutse ba abin da zai tare ta.

Ya zura wayoyin ya laluba kunamar. Ɗaya ta kama, ɗaya ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Yatsun banza, yau ɗin ma sai sun nuna hali! Iska ta taso tana kaɗa shi a jikin igiya. Ya kwantar da kumatu a kan dutse, ya ƙura ido. Kunne ɗaya ne ya hau wani ɗan ƙullutu, sauran ukun suna da ɗan sarari. Sai an danne wannan ɗayan, an tura ta ciki kaɗan, sannan a juyo da ita ta inda ta shiga. Amma siririn ƙarfen ba zai kai ba sai da hannu a ciki.

"Baba, bar ta! Zan hau haka!"

"Rufe min baki."

Ya cusa hannun dama. Tsagar ta ƙi, ya matsa da kafaɗa. Ya ji kaifin dutse ya shiga tafinsa yana yanka a hankali, kamar ana buɗe buhu. Bai tsaya ba. Bakin ƙarfen ya taɓa kunnen, ya danna, ya ja wayoyin da haƙora. Ƙas! Kaguwar ta saki, ta biyo shi.

Da ya zaro hannun, sai ya kau da kai. Ya tsoma shi a jakar allin busar da gumin hannu da ke ƙugunsa, ya dunƙule. Da ya isa dandamalin, da hagu ya miƙa mata kaguwar.

"Hannunka fa?"

"Lafiya lau. Yi sauri, ɗiyata, kin ga an fara yayyafi."

Ta hau. Shi ke sakar mata igiya yanzu, kuma da dama ake riƙe ta, ba yadda za a yi. Kowane taku nata, igiyar ta bi ta cikin yankan. Ya ga ta dasa jar kaguwar, wannan karon da natsuwa. Ta wuce ta da tsayin mutum ɗaya, biyu. Ruwan ya ɓarke. Ƙafarta ta hagu ta nemi wuri, ta rasa.

"Baba!"

Ta taho. Ya damƙe igiyar da duk abin da Allah ya bar masa, ta fizge shi har goshinsa ya bugi dutse. Wani farin abu ya gilma masa a ido don azaba. Da ya ɗaga kai, ga ta can tana reto, ƙafafu na harbin iska. Kaguwar ta riƙe, shi ma ya riƙe. Tsoro irin na wannan lokacin bai taɓa jin sa ba.

"Koma ki kama, ina nan!"

Ta koma, ta haye. Ta ɗaure kanta a sama, ta shiga janyo shi, shi kuwa yana tahowa da hannu ɗaya da gwiwoyi, kamar tsohon da ke hawa gado. Da ya leƙo, ya tarar da ita zaune cikin ruwa, igiyar jibge a cinyarta. Duk tsawon da ya bi ta hannunsa ya yi ja, ruwan saman ma bai wanke ba.

Ta kamo hannun ta buɗe.

"Tun yaushe?"

"Tun a tsagar."

"Na tambaye ka, Baba. Ka ce min lafiya lau."

"Da na faɗa miki," in ji shi, "da kin hau kina waiwayena."