Sanarwar da Ta Riga Ni Isa Gida

A wannan makon yayana, Hamma Sa'idu, ya cika shekara takwas da rasuwa. Duk shekara nakan rubuta masa addu'a ta layi biyu a shafina na intanet, mutane su jera amin, in rufe waya. Bana dai bari in faɗi abin da na daɗe ina kewayewa.

Hamma ba ma'aikacin gidan rediyo ba ne. Fili yake saya na rabin awa duk Asabar, yana shirin gaishe-gaishe. Shi ke ɗauko murya, shi ke tacewa, shi ke bin shagunan Jimeta neman talla, da wata 'yar rakoda da ya ɗaure murfin batirinta da roba. Da rikici ya koro mutane daga Madagali da Michika da Gwoza, sai shirin ya koma na cigiya. Kusan kullum yana sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, tsugune gaban wata tsohuwa tana faɗin sunan ɗanta da tabon da ke goshinsa.

Ba kowace cigiya ke ƙarewa da murna ba. Wani lokaci a bugo masa a ce wanda ake nema ya rasu a hanya. A nan Hamma yake da doka: ba ya sa labarin mutuwa a rediyo sai ya je wurin iyalin da ƙafarsa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna, sannan ya faɗa. Ni kuwa lokacin na buɗe shafi, ina ji da kaina, nakan tsokane shi da cewa kafin ya gama cire takalmi duniya ta gama ta'aziyya. Sai ya ce, "Ai ba duniya ce ta haife shi ba, Buba."

Wata Laraba da hantsi mota ta buge keke mai ƙafa uku da yake ciki. Ni aka fara kira. Na ga gawarsa a asibiti, na fito baranda, kuma wallahi ban san lokacin da na zaro waya ba. Na ɗora hotonsa, na rubuta innalillahi, na tura. Sai da na kama hanyar unguwarmu Rumde na tuna da Dada, mahaifiyarmu.

Kafin in isa, wata maƙwabciya ta shigo mata da kuka, waya a hannu, tana yi mata gaisuwa. Dada tana tsintar shinkafa. An ce ta dubi hoton ta ce, "Sa'idu?" Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai ranar, a gaban wayar wata. Da na shigo ba ta yi mini faɗa ba. Har yau ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da ya ga yau. Ba mai wahalar sayen fili, kowa da tasharsa a aljihu. Na san zai yi murna da mai waƙar Fulatanci da ke ɗaukar kansa a ɗaki, a ji shi har Garwa ta Kamaru ba tare da ya roƙi kowa ba. Cigiyar da yake sati uku yana maimaitawa, yanzu kafin la'asar an ga mutum. Ni kaina da shafin nan nake riƙe iyalina, ba zan zage shi ba. Amma sana'ar tamu ta wanda ya riga ce. Ba a rufe gawa da zane ba, hotonta ya zaga gari.

Watan jiya aka turo mini bidiyon wani masunci da ya nutse a tafkin Njuwa, har da sunansa da unguwarsu. Ni na fara samu. Na rubuta sanarwar tsaf, yatsana na kan wayar, sai na mayar da ita aljihu. Na nemi limamin unguwar ya raka ni. Mun tarar da mahaifiyar mutumin tana shanya kuɓewa, ba ta ji komai ba. A bakin tabarmarta na gane me ya sa Hamma ke daɗewa wajen cire takalmi: ƙarfin hali yake tarawa. Kafin mu fito wasu shafuka sun saki labarin, mabiyana suna tambaya ko barci nake.

Rakodar Hamma ta daɗe da lalacewa. Muryarsa ba ta ko'ina, kuma in ka nemi sunansa a intanet abu ɗaya za ka samu, sanarwar nan tawa. Abin da ya rage nasa shi ne mutanen da ya haɗa da 'yan uwansu, da wannan doka da na koya a makare. Allah Ya sa kabarinsa ya fi masa nan daɗi.

Da na je gaida Dada na ba ta labarin masuncin, ina fatan ban san me ba.

"Da ƙafa ka je?"

"Da ƙafa, Dada."

"Ka zauna kafin ka faɗa?"

"Na zauna."

Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To, ita ta samu abin da ban samu ba."